Firizar Amana a Gidan Malam Babaji

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Guga a shekarun ƙarshe na mulkin soja ya san zauren Malam Babaji, ko da bai taɓa kai masa wankin hula ba. Da hantsi za ka tarar da huluna jere a ƙofar zauren, kowace an kafa ta a kan guntun icce mai siffar kan mutum, suna shan rana, kamar dattawan unguwa sun zo taro amma sun baro jikinsu a gida. Shi kuwa yana daga ciki a kan buzu, da bahon ruwa da burushi da kwanon sitaci, yana fama da wata damanga da mai ita ya shekara yana ciyar da ita man kai.

Gajere ne, baƙi, da ɗan gemun da furfura ta cinye rabinsa. A wurin kawunsa ya koyi sana'ar tun yana saurayi, bai kuma taɓa gwada wata ba. Ya aurar da 'ya'yansa mata, namijin yana koyarwa a Dutsin-ma, gida ya rage daga shi sai matarsa Saudatu. Ba a san shi da faɗa ba, ba a san shi da tsegumi ba. Abu ɗaya ne a duniya bai yarda da shi ba, ita ce wutar lantarki.

Yana da dalilinsa. A zamanin farar hula na baya, lokacin da hannunsa ya ɗan yi nauyi, ya sayi rediyo mai kaset da lasifika biyu. Wata Juma'a da yamma aka maido da wuta da ƙarfin tsiya, rediyon ya yi wata ƙara da ba ta cikin shirin da ake yi, ya fitar da hayaƙi ta bakin kaset, ya yi shiru. Malam Babaji bai zagi kowa ba. Ya ɗora gawar rediyon a kan kabad, ya lulluɓe ta da ƙyalle, ya zauna ya tsara wa gidansa doka.

Sai an san lungunsu kafin a gane dokar. Wayoyi huɗu ne ke bi ta samansa a kan falwaya. Uku suna kawo wuta, su ake kira layi. Ta huɗun, ta ƙasa, ba wanda ya taɓa damuwa da sanin aikinta. Kowane gida yana da allon katako a bangon zaure mai gurbi uku, ɗaya na kowane layi, da fis ƙwaya ɗaya. Layin da ya fi ƙarfi, can mutum zai zare fis ɗinsa ya mayar. Da yake kowa idonsa biyu, da zarar labari ya bazu cewa yau na tsakiya ne ke da haske, sai lungun kaf ya koma na tsakiya, na tsakiyan ya durƙushe, a sake tashi a koma na dama. Haka ake yini ana ƙaura ba tare da kowa ya bar gidansa ba. Maƙwabta kan naɗa wa fis ɗinsu waya mai kauri don kada ya riƙa ƙonewa yana ba su wahala. Mati mahauci, da gidansa ke kallon na Malam Babaji, ƙusa ma ya lanƙwasa ya cusa. Malam Babaji kuwa sili ɗaya yake sa wa nasa, siriri kamar gashin jariri, wanda ko tari wuta ta yi sai ya tsinke.

Dokar ita ce, da an ɗauke wuta a cire komai daga bango. Abu ɗaya ake bari a kunne, wani ƙwan lantarki da ya rataya a tsakiyar zaure daidai saitin idonsa. In aka maido, ƙwan zai fara duba. Ja kamar tumatir, wuta ba ƙarfi, za ta wahalar da kaya. Fari tas, ta zo da mugun nufi. Ruwan man shanu shi ne daidai. Ko da daidai ɗin ne kuma ba a jona komai nan take, domin ya lura wuta ta fi ɓarna a farkon shigowarta, kamar baƙon da ya kwaso yunwa. Sai an jira ta natsu. Ba shi da agogo, don haka ya auna jiran da alwala. Zai ɗauki buta ya tsuguna a bakin kwata, ya yi ta a tsanake har da asuwaki, ya dawo ya sake duba ƙwan, sa'an nan ya ba da izini. Ta haka ya zama mutumin da ya fi kowa yawan alwala a Ƙofar Guga. Liman ya taɓa yaba masa a bainar jama'a bayan sallar magariba, shi kuma bai ga dalilin tsayawa yin bayani ba.

Tsarin ya yi shekaru yana tafiya lafiya, domin abin da ake karewa bai wuce fanka ɗaya da dutsen guga ba. Matan lungu ma sun saba, in aka kawo wuta sai ka ji murya ta kan katanga, “Malam, ya ƙwan?” Shi kuma ya amsa, “A dakata tukuna.” Wasu su dakata, wasu tambayar kawai suke yi don girmamawa, sun riga sun jona.

Sai aka ɗage wa siyasa takunkumi. Ga mai wankin hula wannan ba ƙaramin labari ba ne. Soja na da hula, amma ba ya kawo ta wanki Ƙofar Guga. Da aka buga gangar zaɓe kuwa, duk wanda ke da zanna ko ƙube a ƙasan akwati ya zaro, har iccen kafa hula ya yi wa Malam Babaji kaɗan. A cikin waɗanda suka zaro har da yayan Saudatu, Alhaji Hussaini, ɗan kasuwa a Ƙofar Kaura, wanda ya tsaya takarar kansila ya kuma ci. Cikin murnar cin ne ya zo da a-kori-kura ƙofar gidan ɗauke da firiza fara, doguwa, mai murfi a sama, wadda sai da aka cire ƙyauren zaure kafin ta shiga.

“Babaji,” in ji Alhaji Hussaini yana dafe da murfin, “ta Saudatu ce. Ta riƙa yin ƙanƙara tana saidawa, ta huta da hayaƙin suyar ƙosai. Amma kai ne namiji a gida, kai ka san halin wutar nan. Amana ce na bar maka.”

Alhaji ya faɗi kalmar ne kamar yadda ake cewa a gai da gida. Ya shiga mota ya wuce. Malam Babaji kuwa ya tsaya a tsakar gida yana kallon firizar, ya ji an ɗora masa wani abu a wuya wanda sai an tambaye shi ranar lahira.

Daga ranar dokar ta ƙara tsanani. Ruwan man shanun da a da yake wucewa, yanzu sai an duba gefensa ko akwai fari-fari. Alwalar ta ƙara tsawo. Wutar lungun kuwa ba mai dogon zama ba ce, takan leƙo ne ta gaisa ta wuce. Sau da yawa yana cikin wankin ƙafa za a ɗauke, sai ya ƙarasa abinsa ya dawo kan buzu da zuciya fara, ya san yau ma amana ta kwana lafiya. In ma an dace an jona, kafin cikinta ya yi sanyi an sake ɗaukewa, an sake cirewa, an koma farko.

Ba za a ce firizar ba ta da amfani ba. Saudatu ta gano ɓera ba ya iya shiga cikinta, sai ta zuba geronta da wake da atamfofinta na biki. A lungun kaf ba gidan da ke da rumbu mai kyan nata.

Lokacin sanyi ba ta matsa ba, ba mai neman ƙanƙara. Da bazara ta kama, garin ya ɗauki zafin da ko kaza ba ta son taka ƙasa, sai ta fara jin yadda ake sallama a gidan Binta matar Mati ana neman ruwan sanyi. Firjin Binta ƙarami ne, tsoho, ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta, ba a kuma taɓa cire shi daga bango ba tun ranar da aka kawo shi.

“Malam, yau kuma mi ya hana?” in ji Saudatu wata rana, tana tsaye a ƙofar zaure ta ciki.

“Ƙwan bai kwanta mini ba. Akwai fari a gefensa.”

“Jiya ka ce ja.”

“Jiya ja ne.”

“To wace rana yake zama daidai?”

“Yana zama mana. Shekaranjiya ya zama.”

“Shekaranjiya kana shafar kai aka ɗauke. Ina tsaye ina kallonka.”

Tun lokacin sanyi ya sa mata rana bayan ƙaramar salla, ya ɗaga zuwa bayan layya, ya sake ɗagawa zuwa saukar ruwan farko, lokacin da a cewarsa wayoyi ke hucewa. Mutanen ƙasar sun daɗe da sanin irin wannan tsari, sun ga yadda ake sa ranar miƙa mulki a ɗaga, a kafa kwamiti a sake ɗagawa. Don haka Saudatu ta gane shi tun daga nesa. A makon ƙarshe na watan Mayu ta kwashe geronta da wakenta ta mayar a buhu, ta wanke cikin firizar tas, ta zo ta zauna a gabansa.

“Malam, sojan ma da ke riƙe da bindiga sun ce ran Asabar za su sauka. To ni ma ran Asabar. In la'asar ta yi ban ga ƙanƙara a firizar nan ba, ko ta cikin kofi ce, Ɗanladi mai turin kaya zai zo da kurarsa ya kai ta gidan Binta. Na riga na gaya masa. Can aƙalla za ta san abin da aka yi ta dominsa.”

Burushin ya tsaya a hannunsa. A Ƙofar Guga kayan mace ba sa fita daga gidan miji a kan kura da rana tsaka sai in aure ya mutu. Ba wanda zai tsaya sauraron bayanin ƙanƙara. Kafin kurar ta tsallaka lungu labari ya kai Ƙofar 'Yandaka cewa Babaji mai wankin hula ya saki matarsa da furfurarsa, kafin magariba kuma ya kai kunnen Alhaji Hussaini.

“Saudatu, ba a yi haka ba.”

“Ba a yi ba tukuna. Sai Asabar.”

Asabar ta zo da wuta tun sanyin safiya, da alama masu ita ma sun san ranar ce. Duk mai talabijin ya fito da ita zaure don jama'a su ga bikin rantsarwa. Mati ya fito bakin ƙofa ya yi shela cewa na tsakiya ne ke ci yau, aka ji ƙarar zare fis gida-gida. Malam Babaji ya tsaya gaban allonsa yana nazari. A watannin nan ya ga yadda hula ke dawowa daga taron siyasa, an tattake ta, an yi mata wanka da ƙasa. A fahimtarsa duk inda jama'a suka yi cincirindo nan tsautsayi ke sauka. Sai ya ɗauki fis ɗinsa ya kai layin hagu, inda ya tabbata ba kowa sai shi.

Ƙwan ya kama, ruwan man shanu sak, ba ja ba fari. Ya miƙa hannu ya ɗauki buta. Da ya juyo sai ya ga Saudatu a bakin ƙofa, kallon butar kawai take yi. Ya ajiye ta a hankali. Ya shiga tsakar gida, ya yi bisimilla, ya jona firizar da hannunsa, ba alwala. Ta yi 'yar girgiza ta kama gurnani. Saudatu ta shiga ɗura ruwa da zoɓo a leda tana jerawa, har da 'yar waƙarta.

Ya koma kan buzu, amma aiki ya ƙi. Hula ɗaya ya wanke, ya shanya, ya ɗauko ya sake wankewa. Daga zauren Mati ana jin badujala da hayaniyar masu kallo.

“Malam Babaji!” Mati ya ƙwala masa kira. “Taho ka ga soja na sauka da ƙafarsu!”

“In sun gama sauka ka ba ni labari,” ya amsa, idonsa na kan ƙwan.

Gab da azahar ne abin ya faru. A zauren Mati hoton talabijin ya fara tsukewa yana ƙanƙancewa, manyan mutanen da ke ciki suka koma kamar 'yan tsana, jama'a suka ɗau ihu. A daidai lokacin, a zauren Malam Babaji, ƙwan ya bar ruwan man shanu ya yi fari, ya wuce fari ya koma irin hasken mai walda. Shekara da shekaru yana jiran wannan rana, ya sha tsara yadda zai yi tsalle ɗaya ya zare fis. Ya yi tsallen. Ƙafarsa ta sauka cikin bahon sitaci, ya tafi da baya ya zube a tsakiyar hulunan mutane. Yana kwance ya ji ƙwan ya fashe, fas, gilas ya watsu, wani ɗan hayaƙi ya tashi daga allon. Daga tsakar gida kuma gurnanin ya ɗauke.

Ya tashi da sitaci har gwiwa ya shiga ciki. Ya durƙusa bayan firizar yana sunsunawa, yana neman warin da ya sani tun ranar rediyo. Saudatu na tsaye da leda a hannu, ba ta ce ga laifinka ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo.

Kafin ya miƙe zaure ya cika. Mati ne a gaba.

“Lahiya, Malam? Wallahi da muka ji ƙarar nan mun ɗauka sojan ne suka fasa sauka.”

Cikin masu kallo a gidan Mati akwai Usman mai gyaran wuta, wanda ke da shago a bakin titi. Ya fita lungu ya ɗaga kai, ya nuna falwaya. Wayar nan ta huɗu, ta ƙasa, ta tsinke daga maɗaurinta tana lilo. Ya sa kowa ya koma gida ya zare fis maza-maza, sa'an nan ya dawo.

“Baba, waccan ta ƙasan ita ke raba wa layukan adalci. In ta tsinke, layin da jama'a suka yi wa yawa sai ya rasa, wutar ta tattara ta koma inda ba kowa. Wa da wa ke kan na hagu?”

Aka shiga kallon juna.

“Ni kaɗai ne,” in ji Malam Babaji.

“To kai kaɗai ka sha rabon lungu.”

Usman ya janyo doguwar waya daga ɗan janareton mai aski na bakin titi don a gwada. Malam Babaji ya juya baya, ba zai iya kallo ba. Ya ji an jona. Ya ji shiru. Sai ya ji 'yar girgizar nan, da gurnani a bayanta. Mata suka rangaɗa guɗa ta kan katanga. Usman ya zaro fis ya nuna wa jama'a: da ƙwan zai mutu bai tafi shi kaɗai ba, ya ja siririn silin nan sun tafi tare, gidan ya yanke daga layi kafin wutar ta gama da firizar. Mati ya saurari bayanin da kyau, bai ce komai game da ƙusarsa ba. Malam Babaji ya ɗauki tsintsiya ya share gilasan ƙwan da kansa, bai bar kowa ya taɓa ba.

Amana ta tsira, amma mai aski na da kawunan da ke jiransa, ya karɓi janaretonsa. Ruwan cikin leda sanyin randa kawai ya yi. Ana sallame la'asar, jama'a ba su gama watsewa daga ƙofar gidan ba, sai ga Ɗanladi ya kunno kai da kurarsa, igiya naɗe a kafaɗa.

“Salamu alaikum! Baba, an ce akwai kayan da za a fitar.”

Duk wanda ya fara tafiya ya dawo.

Malam Babaji ya ja Usman gefe. “Ɗana, tsakaninka da Allah, ba wani abin da ke tsare kaya in mutum ba ya kusa?”

“Akwai mana, Baba, sitabilaiza. Ɗan akwatin ƙarfe ne, a jona shi a bango, a jona firiza a jikinsa. In wuta ta yi ƙasa ya ɗago ta, in ta yi sama ya danne ta, in ta haukace ya yanke. In an maido kuma ba ya sakinta nan take, sai ya jira ta natsu.”

Ya sha jin sunan abin, ya ɗauke shi dabarar malalata. Wannan na ƙarshen ne bai taɓa ji ba.

“Yana jira?”

“Yana jira, Baba.”

“Da kansa? Ba wanda ya ce masa?”

“Haka aka yi shi.”

Malam Babaji ya dubi Usman, kamar wanda aka gaya wa yana da ɗan'uwa a wani gari. Ya shiga ciki ya sami Saudatu ta riga ta fara kwashe ledoji.

“Saudatu, aron kurar nake so.”

“Wani ɗagin ne kuma?”

“Ba ɗagi. Na sauka. Wanda zai karɓe ni zan je in ɗauko.”

Ta dube shi daga gemu har ƙafar da sitaci ya bushe a kai. Ta mayar da ledar hannunta cikin firiza ta rufe.

“To sake wando tukuna, kada a ce ni na bar ka haka.”

Ya sake wando, ya buɗe gwangwanin da yake tara kuɗin wankin hulunan 'yan siyasa ya juye a aljihu, ya kafa zannarsa ta Juma'a. Lungu na kallo kura ta fita wayam, shi a gaba, Usman a gefe. Kafin magariba suka dawo. A tsakiyar kurar ga ɗan akwati nan da bai fi kwanon awo biyu ba, an ɗaure shi tamau da igiyar da aka tanada don firiza, an zagaya an sake zagayawa.

“Baba,” in ji Ɗanladi, “wannan ai ko a hammata ka ɗauko shi.”

“Tura dai. Ka bi ta gaban zauren Mati, kuma a hankali.”

Ƙofar Guga ta shaida da idonta cewa ranar da soja suka sauka, kaya shiga suka yi gidan Malam Babaji, ba fita ba.

Da masu wuta suka zo da tsani suka ɗaure wayar, Usman ya haɗa akwatin. Malam Babaji bai miƙa ragama haka kawai ba, sai da ya yi masa jarrabawa. Aka maido da wuta, ya ɗauki buta ya tsuguna inda zai iya ji. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, yana kan gwiwar hannun dama ya ji akwatin ya yi ƙas, firiza ta ɗauka. Ya ƙarasa alwalarsa ya zo ya tsaya a kansa.

“Yana da gaggawa,” ya ce wa Saudatu, “amma an yi masa tarbiyya.”

Ba a cika mako ba Saudatu ta ciro ƙanƙararta ta farko, dunƙule guda mai nauyi da sai da hannu biyu. Ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ta Yaya Alhaji ce. Malam Babaji ya ce ba wanda zai kai ta sai shi. Ya naɗe ta a buhu, ya ɗaure a bayan kekensa, ya kama hanyar Ƙofar Kaura da hantsi.

Tun bai fita lungu ba ya haɗu da liman, ba kuwa a gai da liman daga kan keke. Ya sauka. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya muka ji da wannan wuta, to Allah ya kyauta. A gaba akwai majalisar teloli, dukansu masu kawo masa hula, kowane kuma da nasa iyalin da za a tambaya. Ya iso wani gida da aka yi rasuwa bai samu zuwa ba, ya ga bai kamata ya wuce a karo na biyu ba. Duk inda ya jingine keken, in ya tashi sai ya bar 'yar jiƙa a ƙasa. A gidan Alhaji ya tarar da masu neman ganin kansila sun cika zaure har waje, ya bi sahu ya zauna, buhun a kan cinyarsa.

Da layi ya zo kansa suka gaisa da Alhaji yadda ya kamata, ba a rage komai ba. Sa'an nan ya warware buhun, ya lalubo, ya fito da abin da ya rage a tafin hannunsa. Ta kai girman goro.

“Ta Saudatu ce, ta farko. Ta ce a kawo maka.”

Alhaji Hussaini ya karɓa da yatsa biyu, ya jefa a kofin ruwan da ke gabansa, ya girgiza, ya kurɓa.

“Madalla. Ka ce mata na gode. Gobe ta aiko da babba, muna da baƙi.”

“In sha Allahu. Goben ta hanyar da ban san kowa ba zan biyo.”

Ya fito ya matse buhun a bakin kwata, ya hau keke da wando jiƙe. Har ya iso Ƙofar Guga yana lissafin lungunan Katsina ɗaya bayan ɗaya, bai tuno da irin wannan hanyar ba.